Uwargida, Yaushe Rabonki Da Gumi?

A wannan watan zan ɗan ajiye maganar tarbiyya da muka saba, in taɓo wata magana da na daɗe ina jin nauyin kawo ta, domin kuwa a kaina ta fara.

A azumin bara ne, cikin goman ƙarshe, muna tahajjudi a masallacin unguwarmu a nan Rogo. Ina sahu ɗaya da surukata, wadda ta haura saba'in. Liman ya ja raka'ar farko da tsawo, kafin a kai ga ruku'u gwiwoyina sun fara rawa, bayana kuwa kamar an ɗora min dutsen niƙa. A raka'a ta uku sai da na zauna. Inna tana tsaye ƙyam har aka sallame. A hanya ba ta ce min uffan ba, sai da muka kai ƙofar gida ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, in kin kai shekaruna a buhu za a riƙa ɗaukar ki ke nan?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya min a rai. Shekaruna talatin da 'yan kai, 'ya'yana huɗu, ƙaramin ban daɗe da yaye shi ba.

Bayan sallah na je asibiti saboda ciwon kai da ya matsa min. Aka auna jinina, 150 bisa 95. Ma'aikaciyar ta ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, in dawo a sake, amma in san cewa daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini. Sannan ta tambaye ni, "Malama, yaushe rabonki da tafiyar da za ta sa ki gumi?" Na buɗe baki zan ce ai kullum cikin aiki nake, sai na tsaya na yi lissafi. Makaranta ɗan acaɓa ke kai ni. A aji a zaune nake ba da hadda. Niƙa inji ke yi, ruwa 'yan garuwa ke kawowa, shara da wanke-wanke 'yan matana sun karɓa. Gumin da nake yi duk na zafin murhu ne.

Ana cikin haka ƙanena da ke karatu a Kano ya zo hutu. Da ya ji labari sai ya miƙo min wayarsa yana dariya, ya ce, "Yaya, zo ki ga waɗanda suka ɗauki abin da zafi." Wata gasa ce da ake kira tirayatalon, wato wasanni uku a haɗe, ɗaya bayan ɗaya babu hutu. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo, yana fitowa ya haye keke, yana sauka ya zura da gudu. An fara ta a siffarta ta yanzu a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, inda ake iyon kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma babbarta da ake kira Ironman, wadda aka fara a Hawai a 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka ƙarasa. Ita wannan iyonta ya kusa kilomita 4, kekenta kilomita 180, wato ya zarce nisan Kano zuwa Zariya, sannan a rufe da gudun kilomita 42. Na ce masa wannan ai neman kai ne da wahala.

Sai ya nuna min wata baiwar Allah 'yar ƙasar Iran mai suna Shirin Gerami. A 2013 ta shiga gasar duniya ta wannan wasa a Landan cikin sutura mai rufe jiki har da kai, ita ce mace ta farko da ta wakilci ƙasarta a ciki, a 2016 kuma ta ƙarasa waccan babbar ta Hawai. Kada wata ta ce Malama na kiran matan aure su fita gudu a titi. Ko kusa. Mu da iyakokinmu, kuma ban ga dalilin da zai sa in ƙetare su ba. Abin da ya tsaya min shi ne yadda mutanen nan ke shiri. Gasar ta yini ɗaya ce, shirin kuwa na watanni ne, kuma da yawansa a cikin ɗaki ake yi, a kan keken da ba ya zuwa ko'ina, musamman lokacin sanyi. Suna raba mako tsakanin abubuwan uku, wanda mutum ya fi rauni a kai ba ya gudun sa, suna ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kuma akwai ranar hutu da ba a taɓa ta. Na ce ashe tsarin hadda ne. Sabon shafi kaɗan, tilawar baya kullum, Alhamis da Juma'a a huta. Wannan ai na iya shi.

Da na yi tunani, iyayenmu ma suna da tasu ukun: turmi, rijiya da hanya. Inna ta yi sussuka da surfe da daka tun tana yarinya, ta ja guga, ta tafi biki ƙauyuka da ƙafa da goyo a baya. Wadda ta taɓa shiga lugude ta san ba hannu kaɗai ke aiki ba, kafaɗa da baya da ciki da numfashi duk suna ciki. Da muna yara mun yi gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya. Ranar da aka kai mu ɗaki sai duk wannan ya tsaya cak, aka bar mu da zama da haihuwa da maiƙo. Har ma in mace ta yi ƙiba sai a ce hutu ya karɓe ta, miji ya iya kiwo. Ba ina kukan zuwan injin niƙa ba ne, Allah Ya saka wa wanda ya ƙirƙiro shi da alheri. Amma ya ɗauke mana wahala ya haɗa da wani amfani, mu kuma ba mu mayar da gurbinsa ba.

A nan dole in yi adalci. Akwai 'yan uwanmu a ƙauyukan Rogo da Ƙaraye da har gobe su ke daka, su ke ɗebo ruwa da itace, su ke casar masara da kaka. Waɗannan ba da su nake ba. Su abin da suke buƙata hutu ne da abinci mai gina jiki, da miji mai tausayi. Maganata da ire-irena ce, mu da muke kwana a gajiye alhali jikin bai motsa ba. Gajiyar tsugunno a gaban murhu da sunkuyon wanki daban, motsin da ke sa zuciya bugawa da sauri har numfashi ya ƙaru daban. Na farkon yana cin baya ne kawai, na biyun shi ke ƙarfafa zuciya, ya taimaka wajen saukar da hawan jini, ya sa jiki ya ƙone sukarin da ke yawo a jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kuma kwana biyu na abin da ke ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan in kin raba, minti 30 ne a kwana biyar, kuma ba dole sai a zama ɗaya ba. Goma da safe, goma da la'asar, goma bayan isha, duk lissafi ne. Yadda za ki gane kin kai matsakaici kuwa ba ya buƙatar na'ura: kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ni da karatu nake aunawa. In ina iya karanta gajerun ayoyi amma doguwar aya na yanke min numfashi, na san na kai.

Ga yadda na fara, ba don ya zama doka ba. Tsakar gidanmu daga bakin zaure zuwa gindin rijiya taku 22 ne. Bayan asuba, kafin a ɗora koko, sai in ɗaure zanina tamau in sa takalmi mai taushi in yi ta kai da komo da sauri. Makon farko minti goma kawai, kuma wallahi sai da na riƙa dafa bango. Kowane mako na ƙara minti biyu ko uku. Gundura ce babbar matsalar zagayen tsakar gida, kamar yadda na ji masu keken ɗaki ma na kuka da ita, sai na haɗa tafiyar da azkar ɗin safe da bitar abin da zan koyar a ranar. Ranar Litinin da Alhamis kuma na ƙara na ƙarfi: in zauna a kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, in huta, in sake. In dafa bango da tafukana in tura jikina gaba da baya. In ɗauki galan biyu na ruwa, ɗaya a kowane hannu, in zagaya da su. Wannan zama da miƙewar ita ce ta fi yi wa gwiwata amfani, domin naman cinya ne ke riƙe gwiwa, in ya yi laushi duk nauyin sai ya koma kan gaɓar. Wata biyu da farawa na daina hawa acaɓa zuwa makaranta, na riƙa fita da wuri cikin hijabina ina takawa, kuɗin kuma na zuba a asusu.

Keken ɗaki yana da kyau ga mai hali, musamman mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki, amma kada rashinsa ya zama hujja. Na san gidan da aka sayo shi da tsada, yanzu shanyar tawul ake yi a kai. Lokacin zafi ki zaɓi sanyin safiya ki sha ruwa, lokacin hunturu in ƙura ta yi yawa ki koma cikin ɗaki, kuma kada ki yi kusa da hayaƙin murhu. Mai ciki mai lafiya ita ma an so ta riƙa tafiya, amma ta fara tambaya a wajen awo. Mai jego ta bi a hankali, wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ta tsaya nan take ta nemi asibiti. Wadda kuma aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga kada ta ajiye shi wai don ta fara tafiya.

Saura na ukun, iyo. Nan ne bakina ya mutu, domin ban iya ba, kuma a duk matan da muke koyarwa tare babu wadda ta iya. Masana sun ce iyo na cikin mafi kyawun motsa jiki, saboda ruwa na ɗauke nauyin jiki daga gwiwa da baya alhali duk gaɓɓai na aiki. To amma ni ba ta wannan fuskar abin ya fi damuna ba. Mu mutanen ruwa ne ko mun ƙi ko mun so. Ga dam ɗin Challawa a Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, ga rafuka, ga kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, waɗanda ke cika maƙil da damina a bayan gidajenmu. Kuma babu malamar Islamiyya a jihar Kano da za ta manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen da suka taso daga Badau za su Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sa'o'in waɗanda nake ba hadda kullum. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. An ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa, kuma na san iya iyo kaɗai ba ya maganin lodi da rashin rigar kariya. Duk da haka tun ranar nake tambayar kaina, da ni ce malamar da ke cikin jirgin nan, me zan iya yi wa yaro ko ɗaya? Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai, ni ko kan nawa ba zan fitar ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan ƙananan ba sai an je dam ba. Bokiti, baho, randa, rijiyar da ba murfi, duk sun isa. Kuma nutsewa ba ta da ihu irin na fim, shiru take zuwa, cikin 'yan mintoci, uwa na can tana kwashe tuwo. Saboda haka ki kife bahonki in kin gama wanki, ki matsa wa maigida ya yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, kada kuma ki bar wa 'yar shekara shida tsaron mai rarrafe a kusa da ruwa. Manyan yaran ki koya musu cewa in wani ya faɗa ruwa ba a bin sa ciki. A yi kururuwa, a miƙa masa gora ko igiya daga bakin gaɓa, ko a jefa masa jarka marar komai mai murfi a rufe ya rungume. Sau nawa muka ji an rasa biyu saboda na biyun ya shiga ceto?

Wata za ta ce to sai mu saki yara su je kududdufi su koya? A'a, domin can ma akwai tsargiya. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen sai su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka ko wanki. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Ba balaga ba ce, cuta ce, tana lalata mafitsara, tana sa ƙarancin jini, a mace kuma tana iya taɓa al'aura da mahaifa. Tana da magani, praziquantel, wanda akan raba wa yara a makarantu, don haka in an zo rabo kada ki hana naki. Abin da ya dace shi ne yaro ya koyi iyo a ruwa mai tsabta, a hannun babban da ya iya. Maza da yawa a ƙauyukan bakin dam sun iya, 'ya'ya mata ne ba wanda ke tunawa da su, alhali jirgi ɗaya suke hawa. Ina kira ga masu hali da ƙungiyoyinmu na mata, yadda muke haɗa kuɗi mu gina aji, a yi tunanin wurin koyon iyo mai katanga, mata su koya wa mata. Na faɗi haka a wani taron malamai aka yi min dariya. Ban janye ba.

Abu mafi wuya a duk wannan ba gwiwa ba ce, zuciya ce. Makon farko yarana suka leƙo ta taga suna ƙyalƙyala dariya, wata maƙwabciya ta tambaya ko wani abu na ɓatar nake nema. Malam kansa ya ce, "Wai ke soja za ki shiga ne?" Sai na tuna masa abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi kuma ya wuce ta. Na ce in ya shirya ga tsakar gida. Bai karɓi tayin ba, amma shi ya sayo min takalmin da nake sawa yanzu. 'Yar uwa, ki nemi yardar maigida da lalama, ki nuna masa takardar asibiti in akwai, domin jinyarki a kansa za ta ƙare.

Kuma kada in yi miki ƙarya, na yi fashi. Da damina ƙaramin ya yi zazzaɓi, na yi mako uku ban taka ba, da ya warke kuma sai kasala ta ce ai an riga an ɓata. Abin da ya dawo da ni maƙwabciyar nan ce mai tsokana, wadda ita ma aka ce mata sukarinta ya hau. Ta ce za ta riƙa shigowa mu yi tare. To kin san kunyar a yi sallama a tarar da ke a kwance. Na kuma rataye kalanda a bayan ƙofa ina sa alama duk ranar da na yi, in na ga kwana biyu a jere babu alama sai in ji ba daɗi. Ban sa wa kaina burin rama ba, don sikeli yana da saurin karya gwiwa. Burina biyu ne, in tsaya a sallah, in kuma Allah Ya kira ni Makka in yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafata. Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai ɗin nan, ya kai wajen kilomita uku, ban da tafiyar jifa. Mata nawa ne suke tara kuɗin kujera shekara da shekaru, su je a ƙare da tura su a keken guragu tun ba su tsufa ba?

Awona na baya-bayan nan 130 bisa 85 ne, na kuma rage gishiri da dunƙulen miya kamar yadda aka umarce ni. Nauyina bai ragu da wani abin kirki ba, amma ciwon kan ya tafi, barci ya daidaita. A azumin bana na tsaya tahajjudi tun daga farko har aka sallame, sai dare ɗaya da na zauna a raka'ar ƙarshe. Muna dawowa na ce, "Inna, kin ga bana ba a nemo buhu ba." Ta ce, "Na gani. Gobe akwai surfen gero kwano huɗu, sai ki zo mu ga iyakar ƙarfin."

Na je, na kuma yi kwano ɗaya da rabi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.